Bangon Ɗakin Baba Ya Karkace

Torino, 9 ga Nuwamba

Yaya Fatmir,

Bangon ɗakin Baba ya karkace da gaske. Amma tukuna, ina gaisuwa. Yaya gwiwar Inna? Yaya yara da sanyin Berat?

Bara da na nuna wa Baba hoton gidanmu, dariya ya yi: "Ke Arjola, kyamararki ce ta bugu, ba gidana ba!" Da gaskiyarsa a lokacin, domin gilashi mai faɗi yakan kwantar da kowane gini in aka ɗaga kan kyamara. Hoton Agusta kuwa da gilashin da ake zamarwa sama na ɗauke shi, kyamarar tana tsaye daidai. Shi ba ya karkatar da komai. Jiya na auna: bangon maƙwabta a miƙe yake, namu ya sunkuyo kan hanya.

Ni lafiya lau. Aiki ya ɗan ja baya, na sayar da gilashi ɗaya, dama ya cika nauyi. Kada Inna ta ji.

Don Allah ka sauko da gadon Baba ɗakin ƙasa, ka ce saboda matakala. Allah ya tsare mana shi. Na roƙi wani injiniya ya zo ranar Alhamis. Har yanzu bai amsa ba.

Ƙanwarka,
Arjola