Motar da Ba Ta Ƙin Hawa

Phoenix, 3 ga Nuwamba

Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taka? Tunda ka ƙi sa na'urar kunne, wayarmu ta koma ihu, shi ya sa na ɗauki biro.

Shekararka saba'in da tara, kana zaune kai kaɗai a kan tudu, gari yana can ƙasa. Akwai ɗaki a gidan tsofaffi na bakin ruwa, ka ce ko gawarka ba za ta shiga ba. To, na ji. Na saya maka mota mai ja da ƙafa huɗu, ran Juma'a za a kawo ta. Idan hunturun nan ya wuce ba ka bugi komai ba, ba zan sake tada zancen ɗakin ba. Idan ka buga, ka koma can. Ka yarda?

Ka huta lafiya.
'Yarka, Lorna

Hancock, Michigan, 12 ga Nuwamba

Lorna 'yata,

Na samu wasiƙarki. Ƙafa tana nan inda kika bar ta.

Motar ta iso, ƙatuwa, da kyar gareji ya haɗiye ta. Shekara talatin da ɗaya ina raba wasiƙu a ƙauyukan nan da mota mai ja da ƙafa biyu, tayoyin hunturu masu riƙe ƙanƙara kawai nake sa mata, ban taɓa faɗawa rami ba. Yau ke da kike zaune inda ruwa ba ya daskarewa sai a firij, ke ce malamata.

Tayoyin hunturun da nake da su sun yi wa sabuwar ƙanƙanta. Dillalin motar ya ce na jikinta na kowane yanayi ne, sai na bar su. Tsohuwar motar na ba wa Waino maƙwabcina. Sharaɗinki kuma na yarda.

Ki gaida mijinki.
Babanki, Reino

Hancock, 18 ga Disamba

Lorna,

Ina gaisuwa. Jiya dusar ƙanƙara ta kai gwiwa, motar share hanya ba ta zo ba. Na tada tawa, ta haura daga gareji zuwa titi kamar ana tsakiyar rani. Waino yana tsaye da shebur, baki buɗe. Na ce, "Waino, in kai ka gari ne, ko motsa jikin ya fi maka?" Ya ce, "Tafi can, tsohon banza, mota ta mayar da kai yaro."

Wannan karon kin yi daidai. Kada ki saba.

Babanki

Phoenix, 20 ga Janairu

Baba,

Ina gaishe ka, amma raina a ɓace yake. Helmi matar Waino ta kira ni, ta ce an jawo motarka daga cikin tulin ƙanƙara a gindin tudu. Ta ce ko ƙwarzane ba ka yi ba, daga nan ta ja bakinta. Kwana tara ke nan, kai kuma shiru. Birkin ne ya ƙi? In laifin motar ne ka faɗa mini, dillalin zai ji daga gare ni.

Ka ba ni amsa, don Allah.
Lorna

Hancock, 27 ga Janairu

Lorna 'yata,

Gaisuwa. Ki ƙyale dillali, lafiyar birki lau.

Ga abin da ban taɓa gaya miki ba, don ni ma ban san ina yin sa ba. Kin san garejinmu yana ƙasa da titi. Duk shekarun nan, in na tada mota ta kasa haura ɗan hawan nan, sai in kashe ta in koma in ɗora kofi. Mamanki takan ce, "Mota ta ce a'a." Ban taɓa buƙatar rediyo ya gaya mini hanya ta ɓaci ba.

Wannan ba ta cewa a'a. Ran Talatar da abin ya faru an yi yayyafi ya daskare, titi ya koma gilashi, ta haura ba ko gardama. Kuma ba asibiti zan je ba, kofi zan sha da abokai. Da na kama gangare na taka birki, sai ta ci gaba da tafiyarta. Ƙafa huɗun wajen ja kawai suke aiki, wajen tsayawa duk motoci ɗaya suke, tayoyi ke magana.

A gindin tudu wata mata tana tsallaka titi da jaka a kowane hannu. Ta tsaya cak tana kallona, ni ma ina kallonta. Na murɗe sitiyari na shige tulin ƙanƙara. Tsakanina da ita bai kai tsawon shebur ba. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba.

Sai na ji daga gare ki.
Babanki

Phoenix, 2 ga Fabrairu

Babana,

Ina gaishe ka. Sau uku na karanta wasiƙarka. Ni na kawo motar, ni na raba ka da taka, kuma ina jin kunya. Tulin ƙanƙara ba ya cikin lissafi, na janye sharaɗin. A sa wa sabuwar tayoyin hunturu, ko Waino ya maido maka tsohuwar. Ka zauna a gidanka, Baba.

Allah ya bar mana kai.
Lorna

Hancock, 11 ga Fabrairu

Lorna,

Na gode. Waino ya kawo tsohuwar da kansa. Na zauna a ciki, na sa makulli, hannuna ya ƙi murɗawa. Kwana uku ina gwadawa.

Na sa hannu a takardar ɗakin gidan tsofaffin, ranar ɗaya ga Maris zan koma. Kada ki zo taya ni kwasar kaya, hanya ba kyau. Waino zai kai ni.

Ki huta lafiya.
Babanki, Reino