Ɗakin da Ba a Shiga

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taka? Ina fatan kana shan magani, kuma ka daina korar masu zuwa duba ka.

Baba, tsoro nake ji. Wutar daji ta hauro tsaunin bayan tasharmu, hayaƙi ya rufe babban faifan da muke aika saƙo sararin samaniya da shi, ta kuma cinye wayar da muke gwada lokacinmu da na waje. Ka san agogunan nan uku masu aiki da iskar haidirojin da ka yi wa hidima har ka yi ritaya. Ɗaya yana wurin gyara. Jiya na'urar sanyaya ɗakunansu ta tsaya, yanzu biyun da suka rage sun saɓa, kuma babu na ukun da zai raba gardama.

Gobe za mu umarci tsohon kumbon nan da ke can nesa a sararin samaniya ya juyo da eriyarsa wajen duniya, kuma faifanmu kaɗai ke hango shi. In na ɗora saƙon a kan agogon da ya kauce, ba zai ji mu ba, shi ke nan ya ɓace har abada. Lachlan, sabon shugabanmu, cewa kawai ya yi, "Narelle, ke ce uwar agogo, zaɓi ɗaya."

Taka har kullum,
Narelle

Babana,

Ina gaishe ka, da fatan hayaƙin bai kai birnin Kanbera ya tayar maka da tari ba.

Ashe da sanyin ya ɗauke, Lachlan da wasu biyu sun ruga ɗakin agogon gabas da fanka, suka tsaya a kan agogon suna zufa, wai taimako. Na yamma kuwa babu wanda ya tuna da shi. Sai na tuna faɗan da kake yi mini: "Kada ki kai musu ziyara, yarinya. Ɗumin jikinki ma ya isa ya rikita su." Na zaɓi na yamma.

Kusan kwana biyu saƙo ke yi kafin amsa ta dawo. Toka tana sauka a kan motoci. Yau da hantsi wani siririn layi ya ɗago a allo. Kumbon ya amsa. Lachlan ya zauna daɓas a ƙasa, ni kuwa na ɗauko takarda na fara rubuto maka wannan.

Na ji ka sake cewa kada kowa ya zo, ka fi son a bar ka shiru. Wannan dokar ta ɗakin yamma ce, Baba, kai ba agogo ba ne. Da zarar an buɗe hanya ina tafe, ka ajiye mini kujerar bakin taga.

'Yarka,
Narelle