Babur ɗinka ya wanke ka a gidan Yaya Kulu

Zuwa ga Yaya Ummaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma ajiye ta za ka yi a aljihu, ka ce sai ka samo tabarau. Amma akwai labarin da ya fi ƙarfin cikina, kuma kai kaɗai ya shafa.

Gida lafiya. Matarka Asabe ta fita takaba, shinkafar fadama ta yi kyau. Da aka raba gado, babur ɗinka ya faɗo a kasona. Kowa ya taya ni murna da irin fuskar da ake yi wa mutum jaje.

Ga abin da ya hana ni sakewa. Ranar zaman makokinka, kowa ya ce ya yafe maka, ban da Yaya Kulu. Babbar yayarmu, wadda ta goya ka! Ta yi kuka, ta yi maka addu'a, amma ta ce maganar yafiya a bar ta tukuna. Ka san dalili. Zuwanka na ƙarshe gidanta a kwarin Kurgu, ko saukowa ba ka yi ba. Kana bisa babur, inji yana kuka, kana murɗa masa wuta kana gaishe ta da ihu. Ta dama maka fura, ka ce kana sauri. Ta faɗa maka baƙar magana, kai kuma tun daga ranar ka ɗauke ƙafa. Ni kaina na ɗauka girman kai ne ya kama ka. Me zai sa mutum ya gaida yayarsa kamar mai tallan magani?

Washegarin rabon gado na hau babur, na murɗa makulli, na danna sitata. Ya ce ƙas. Na sake dannawa, ya sake cewa ƙas, ya yi shiru abinsa. Na ce to bari in buga kik. Ƙarfen ya zube ƙasa salin-alin, ashe haƙoransa sun cinye tun ba yau ba, da roba ka ɗaure shi don a riƙa ganinsa. Yaya, da me kake tayar da abin nan duk shekarun nan?

Asabe ce ta nuna mini da haɓa. Tudun ƙasar nan da ka tara a ƙofar gida, wanda ka ce mana don ruwan damina ne. Na tura babur kansa na hau, na saki birki, babur ya gangara, na saki kuloci, sai ga shi ya tashi yana tari. A nan na zauna na fara lissafa rayuwarka. Masallacin unguwa ka bari ka koma na kan tudu, ka ce karatun limaminsu ya fi ratsa zuciya. Mai shayinka na bakin gangare ne, alhali shayinsa ruwan zafi ne da suga. A kasuwar Lolo can saman hanyar da ke sauka bakin kogi kake ajiye shi, ka ce kana son iska. Duk abokan da ka riƙe a ƙarshen rayuwarka, babu wanda gidansa ke cikin kwari. Gidan Yaya Kulu kuwa a gindin kwari yake, yashi har idon sawu. Idan ka kashe inji a can, sai an tura ka. Kuma wa zai tura? Mijinta Malam Jodi, abokin wasanka, mutumin da ya shekara yana ba da labarin ranar da wandonka ya yage a wajen suna.

Na yi dariya har da hawaye, sannan na ji haushinka. Na rantse sai na gyara sitatar nan da hannuna, in je in wanke ka. Ban kai wa bakanike ba, don kafin la'asar duk Bagudo za ta ji.

Na fara da batir, tunda kowa shi yake fara zargi. Fitila tana haske, ham yana ƙara, batir ba shi da laifi. Na buɗe wajen fiyus, na tarar babu fiyus, takardar azurfa ta ƙwayar ciwon kai ka naɗe ka cusa. Na sa sabo. Ƙas. Na kwance madannin, na zazzage yashin da zai isa a shuka gyaɗa, na wanke da fetur. Ƙas. Na bi ƙarar har zuwa ɗan akwatin da ke yin ta a gefen batir, na haɗa ƙusoshinsa biyu da sukudireba kamar yadda na taɓa gani ana yi. Wuta ta yi tartsatsi, gefen gemuna ya tafi, sitata ko motsi. Da na leƙa ƙasan inji na ga jikinta, sai tausayinka ya kama ni. Duk ta lotse da tabon dutse. Ashe kun daɗe kuna faɗa a ɓoye.

Na cire ta na buɗe a cikin farantin Asabe. Gawayin nan biyu da ke goga a ciki, waɗanda ake kira burushi, sun cinye sun koma kamar ƙwayar dawa. Shi ke nan ciwon, Yaya. Abin da bai kai kan ɗan yatsa ba, shi ya raba ka da 'yar'uwarka. Irin na tsohon babur ɗinka babu a Bagudo, babu a Lolo, sai da na tsallaka Benin. Mai shagon yana Dendi da Faransanci, ni ina Hausa, ƙarshe sai da na tsuguna na yi masa kukan sitata da bakina kafin ya gane. Na dawo na haɗa, na danna. Ya tashi! Asabe ta fito da gudu da ludayi a hannu, ta tsaya tana kallon ƙofa. Na san wanda ta zaci za ta gani. Ranar ba mu iya cin abincin rana ba.

Ranar Juma'a na gangara Kurgu, na kashe inji a tsakar yashin ƙofar gidanta, na sauka, na durƙusa na gaishe ta. Na kwashe labari duka na faɗa mata. Ta saurara tana tsinke zogale, ta ce in danna ta gani. Sai a lokacin na gane wautata. Wa ya aike ni gyarawa kafin in kawo shaida? Na danna ina addu'ar ya ƙi. Ya tashi tun kafin yatsana ya gama sauka, da murya mai daɗi kamar sabo. Ta ce ashe ni ma na girma, har na iya yi wa mamaci ƙarya. Ta ba ni fura dai, na sha a kunyace.

Da la'asar na yi sallama, na hau, na danna. Shiru. Ko ƙas ɗin ma babu. Daga baya na gano notin kan batir ne ban ɗaure sosai ba, amma a lokacin ban san komai ba sai zufa. Malam Jodi ya taso daga inuwa yana gyara malafa, fuskarsa kamar an ba shi kujerar Makka. Ya kira maƙwabta. Suka tura, yashi ya riƙe taya. Suka sake turawa, Jodi ya kife, ya tashi bai fasa magana ba. Ƙarshe ya kwanto sansa na huɗa, ya ɗaura igiya a ƙahon babur. Haka aka ja ni har kan tudu, ina zaune riƙe da kan babur, mata suna leƙe ta kan danga, Jodi yana yi wa sa kirari yana cewa a ba injin Fulani hanya.

Da na waiwaya, Yaya Kulu tana zaune a ƙasa, dariya ta kayar da ita. Ina kallo dariyar ta juye kuka. Ta biyo mu har tudun ba ko takalmi. Ta ce ashe wannan ne kawai? Ta ce da ka faɗa mata, da ita za ta ci ɗamara ta tura ka, ba wanda zai ji. Ta kira ka sakarai, ta kira ka da sunan da take kiranka kana goye. Sannan ta ce ta yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mata baƙar maganar da ta yi.

Ni ma ka yafe mini zaton da na yi maka. Ban taɓa faɗa maka ba, amma duk duniya babu inda na fi jin daɗin zama kamar bayanka a kan babur ɗin nan, ko da kana ajiye ni nesa da inda za ni saboda gangare. Ina kewarka ƙwarai.

Sauran labari ɗaya. Daga Kurgu har Lolo yanzu ba mai kirana Haruna, sai Direban Sa. Jodi ya ce zai riƙa faɗa har jikoki. Abin da ka gudu ke nan, ko? Kwanta ka huta, Yaya, na ɗauke maka.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa Aljanna ce makomarka.

Ƙanenka,
Haruna Direban Sa