Takalmin Baba a Leda

Daren Laraba, Hadejia

Sau uku na wanke hannu da sabulu, har yanzu warin yana hancina. Tuwon ma na kasa ci.

Sati biyu ke nan da likita ya saka wa Baba shimfiɗar nan mai na'ura a cikin takalmi, don a ga inda yake danne ƙafa in yana tafiya, tunda gyambon ciwon sugansa ya ƙi warkewa. Kullum na duba wayar da na'urar ke turo wa bayani sai in ga 'yar tafiya kaɗan, daga ɗaki zuwa masallaci. Har murna nake yi, wai tsoho ya fara jin magana.

Ashe fadama yake zuwa duba shinkafa! Yau da la'asar na hango shi yana dawowa, laka har gwiwa, takalmin ƙulle a leda, rataye a wuya. Da na kwance tsumman da ke ɗaure a ƙafar, sai mugunya da ruwan taɓo, ga matsattsaku ya lafe a bakin ciwon.

Na ce, "Haba Baba, don wannan ƙafar fa aka ba ka shi!"

Ya ce, "Ke, kayan mutane ne, amana ce. In shiga laka da shi, in ce wa likita me?"

Ko kallona bai yi ba, yana ta goge takalmin da gefen rigarsa.

Gobe sai asibiti. Likita zai karɓi kayansa fes. Ƙafar ce ban sani ba ko da ita za mu dawo.