Na goge ƙafafun azurfa da toka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kada ku yi saurin zagina, na zagi kaina ya isa.

Matar aure ce ni a Filinge. Ƙanena na karatu a Yamai, yana binciken ruwan rijiyoyinmu na Kurfai, da shi zai kammala. Kayan awon wasu 'yan falle ne kamar katin waya, kowanne an buga masa siraran layuka uku na azurfa a gindi kamar ƙafafu. Nan ake cusawa cikin mahaɗi, kuran, wato wutar lantarki, ya bi ya kai na'ura. Da zai tafi Bonkuku ɗebo ruwa ya miƙo mini kwalin ya ce, "Yaya, ki kula mini da su." Iyakar abin da ya faɗa ke nan! Ina buɗewa na ga azurfar ta fara dishewa. To mace ta ga azurfa ta dishe ta zauna? Na jiƙa toka da lemun tsami yadda nake wa awarwarona, na bi su ɗaya ɗaya da bisimilla, har ina jin daɗin zai yaba.

Tun da ya dawo na'urar ta haukace, ta ba da lamba ta janye. Na ɗaga ɗaya ga rana, sai na ga layukan sun tsittsinke. Na yi lise, wato sakandare, na san kuran ba ya tsallake yanke. Shi ko ya kafe laifin mahaɗin ne, wanda amininsa na labo, ɗakin gwaje-gwajensu, ya haɗa masa. Ina tankaɗen gari ina jin shi a waya: "Kai ka ɓata mini aiki! Fallen ga sabo ne, dubi ƙyalli nai!" Har ƙara ya kai wurin malaminsu, an hana bawan Allah taɓa kayan labo.

Abin da ke cina, me ya hana shi cewa kar ki taɓa? Kula da ajiye ɗaya ne? Sau nawa na buɗe baki zan faɗa masa, sai ya ce, "Yaya, addu'a dai." Ina sallah ina ganin yaron nan da aka ɗora wa laifina.

Jiya malaminsu ya aiko masa kwali na ƙarshe. Ya kawo mini da hannu biyu ya ce, "Ki kula da su kamar waɗancan."

Yana kan akwatina, ban taɓa ba. Jama'a, me zan yi?