Sanarwar da Yaya Bai Ƙarasa Ba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, da Anti da yara.

Tunda ka daina ɗaukar wayata, ga takarda, in ga ko ita ma za ka kashe ta. Kullum da safe ina kunna rediyo a shago don in ji ka karanta sanarwa, sai in ji wani mai muryar gwangwani. Masu kawo ɗinki suna ta tambayata, "Ina yayanki?" Na ce hutu kake, har hutun ya fara ba ni kunya. Anti ta ce lafiyarka ƙalau, sai dai kana cin abinci kai kaɗai da ƙofa a rufe. In korarka aka yi, ka faɗa mini. In laifi na yi, ka zage ni mu wuce wurin.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Na ga saƙonki, Allah ya bar zumunci. Ba ki yi laifi ba, ba a kuma kore ni ba tukuna.

Ciwon dasashi ya girgiza mini haƙoran gaba na sama, likita ya cire uku. Ya yi mini na roba, waɗanda ake sawa a cire, ya ce in riƙa maneji da su har wurin ya warke. Ko Antinki ban bari ta ga inda nake ajiye su ba.

Ranar da na koma aiki, ina karanta sanarwar rasuwar wani dattijo direba, na zo daidai sunayen 'ya'yansa, sai haƙoran suka zame suka faɗo kan tebur, ƙwal, a gaban makirfo. Mai kula da na'ura ya fashe da dariya bai rufe layi ba. Gari duka ya ji ana dariya a kan mamaci. Na ɗauke su, na fita ban ƙarasa ba.

Manaja ya ce iyalan sun kira, babban ɗan yana huci. Manajan ya ce in huta. In na cire haƙoran, duk kalmar da na furta sai ta fito da fito. In na sa su, gabana faɗuwa yake. Shi ya sa nake kallon wayarki tana ƙara.

Likita ya ce zai iya dasa mini ƙusoshi a ƙashin muƙamuƙi ya ɗaura haƙora masu zama daram, amma sai an jira watanni ƙashin ya kama. Ni ko ƙofar asibitin ba na son wucewa, ma'aikatansa duk masu saurarona ne.

Ki gaida maigidanki. Kada ki faɗa masa.

Yayanki

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na yi kuka, sannan, Allah ya yafe mini, na ɗan yi dariya, sannan na sake kuka.

Ka saurare ni ko da ni ce ƙarama. Mutanen asibiti bakuna nawa suke leƙawa kullum? Naka ba shi ne abin kallo ba. Ka je a dasa. Amma kafin nan, mutanen can har yanzu suna zaton mahaifinsu aka yi wa dariya. Kai kana ɗaki kana jin kunya, su suna gida suna jin ciwo. Ka je ka same su.

Kuma don Allah ka buɗe wa Anti ƙofa. Ba haƙoranka ta aura ba.

Ka huta lafiya,
Auta

Auta,

Salamu alaikum. Na je gidan marigayin, Antinki ta raka ni. Babban ɗan ya ƙi ba ni hannu. Na rasa ta inda zan fara, sai kawai na cire haƙoran a gabansu na ɗora a tafin hannuna. 

Matar marigayin ta daɗe tana kallona. Sai ta ce, "Malam, ba ka kai sunan autata ba. Karanta mana daga farko."

Na miƙe tsaye na karanta, da giɓin, da fiton, har ƙarshe. Yarinyar tana bakin ƙofa, da na kira sunanta ta rufe fuska da mayafi.

Litinin likita zai fara aiki. Ki yi mini addu'a.

Yayanki