Abin da Na Gani a Cikin Ruwa

Yayata,

Assalamu alaikum. Ya maigidan da yara? Ya ƙafar Inna? Ki ce mata ina ci ina ƙoshi, ramar da ta gani a hoto ta zaman ɗakin bincike ce kawai.

Yaya, abu ɗaya ke damuna. A aikina nakan zuba ƙananan ƙwayoyin roba a ruwa, in sa wata leda ta musamman a gefe. Sai ƙwayoyin su ja baya, su bar fili tas kusa da ledar. Shekara ashirin malamina yana koyar da cewa ruwan wurin ne ke canza hali. Ni kuwa na gano wani sinadari ne ke fita daga ledar, yana bazuwa kamar gishiri a kofi, yana ture ƙwayoyin. Da na jiƙa ta har sinadarin ya ƙare, filin bai sake fitowa ba.

Na nuna masa. Ya cire tabarau, sannan ya ce, "'Yata, sake gwadawa." Sau tara na sake, sakamakon bai canza ba. Yanzu da ka yake amsa gaisuwata, kuma sai ya sa hannu zan kammala karatun in dawo gida.

Kada ki gaya wa Baba tukuna. Ranar Litinin zan miƙa rahoton binciken, ban canza ko lamba ɗaya ba. Mutumin nan ya riƙe ni kamar 'yar cikinsa, Yaya. Wannan ya fi ci mini rai.

Ku sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta